Sankarar ƙwaƙwalwa mai bijire wa magani: Ina aka kwana kan haɗa sinadaran tsirrai da na asibiti?

A cikin ire-iren cutar sankara da ke kama manya, kaɗan ne suka gagari likitoci kamar giliyobilastoma, wani ƙari mai saurin girma da ke tsirowa a cikin ƙwaƙwalwa. Ita ce ta yi ajalin Sanata Edward Kennedy na Amurka a 2009, da Beau Biden, ɗan tsohon Shugaba Joe Biden, a 2015, da kuma Sanata John McCain a 2018. Mutane ne da babu asibitin da ya fi ƙarfinsu a duniya, amma a cikinsu babu wanda ya cika shekara biyu bayan an gano cutar.

Babbar matsalar ita ce, cutar na saurin sabawa da maganin da ake ba ta, har ya daina yi mata komai. Wannan ne ya sa masu bincike a ƙasashe da dama suka juya ga tsirrai, suna tatso sinadarai daga gangamau, da tabar wiwi, da ganyen shayi, da ƙaron itacen lubban, domin su ga ko haɗa su da maganin asibiti zai karya taurin kan cutar. Labaran wannan bincike kan iso mana ta WhatsApp da Facebook, galibi an yanke musu kai da ƙafa, sai ka ji an ce “an gano maganin kansa a cikin kurkum”. Ya dace a bi maganar daki-daki, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, akwai kuma haɗarin da zai iya cin rai.

Maganin da ake da shi a hannu

Idan hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ƙarin, matakin farko tiyata ce. Likita zai cire iya abin da zai iya cirewa ba tare da ya taɓa wuraren magana, ko gani, ko motsi ba. Sai dai giliyobilastoma ba dunƙule ɗaya ba ce da za a ɗauke a huta. Tana miƙa saiwoyi ƙanana cikin lafiyayyen naman ƙwaƙwalwa kamar yadda ƙiri-ƙiri ke bin ƙarƙashin ƙasa a gona, don haka duk gwanintar likita sai an bar saura. Bayan tiyata sai gashi da na’ura na tsawon mako shida, tare da kemoterafi, wato maganin da ake sha ko ake ƙarawa ta jijiya domin ya kashe ƙwayoyin sankara. Wanda ake amfani da shi a nan sunansa temozolomayid, ƙwaya ce da ake haɗiya, kuma masana a Jami’ar Aston da ke Birmingham a Ingila, ƙarƙashin jagorancin Malcolm Stevens, su suka fara haɗa ta.

Wannan tsari ya samo asali ne daga wani babban gwaji da likita Roger Stupp na ƙasar Suwizalan ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2005. Marasa lafiya 573 aka raba gida biyu: wasu gashi kawai, wasu gashi da temozolomayid. A irin wannan gwaji ana duba tsaka-tsakin tsawon rai ne, wato lokacin da rabin marasa lafiyar suka rasu, rabi na raye. Masu gashi kawai sun samu wata 12.1, masu haɗin biyu wata 14.6. Bambancin wata biyu da rabi ke nan. Bayan shekara biyu, kashi 26 cikin 100 na masu haɗin na raye, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 10. Alƙaluman ba hukunci ba ne a kan kowane mutum ɗaya, akwai waɗanda ke wuce su nesa, amma sun nuna girman aikin: abin da duniya ta yi murna da shi a matsayin babban ci gaba bai wuce ’yan watanni ba, kuma tun daga lokacin ginshiƙin maganin bai sauya ba. A yawancin marasa lafiya ƙarin kan dawo cikin kamar wata bakwai, sau da yawa a gefen inda aka cire shi.

Mai faci a cikin ƙwayar cuta

Kowace ƙwayar halitta na ɗauke da kundin umarni da ake kira DNA, wanda sai ta kwafe shi kafin ta rabu biyu. Aikin temozolomayid shi ne ya manna wani ɗan ɓurɓushin sinadari a kan ɗaya daga cikin haruffa huɗu da aka rubuta kundin da su. Idan ƙwayar ta zo kwafa sai ta karanta harafin ba daidai ba. Masu duba kuskure na cikinta su yanke wurin su sake rubutawa, kuskuren ya dawo, su sake yankewa, haka dai har kundin ya tsinke, ƙwayar ta mutu.

Amma jiki na da wani furotin mai suna MGMT, wanda aikinsa ke nan ya cire irin wannan ɓurɓushi. Maganin na huda taya, shi kuma yana bin baya yana faci. Kowane ƙwara ɗaya na MGMT faci ɗaya yake yi ya ƙare, sai dai ƙarin da ke ƙera shi da yawa ba ya rasa masu faci, kuma a wurinsa maganin kusan aikin banza ne. A shekarar 2005 ɗin dai, Monika Hegi da abokan aikinta sun bincika naman ƙari daga marasa lafiyar gwajin Stupp su 206. Suka tarar a kashi 45 cikin 100 makunnin da ke kunna MGMT a kashe yake. Waɗannan, da aka ba su gashi da temozolomayid, tsaka-tsakin tsawon ransu ya kai wata 21.7. Waɗanda makunninsu ke kunne kuwa wata 12.7 suka samu, abin da bai fi na gashi kawai da komai sosai ba. Ma’ana, fiye da rabin masu cutar na shigowa asibiti da ƙarin da tun asali ya san yadda zai kare kansa. Su ma waɗanda maganin ya fara yi wa aiki, ƙwayoyin da suka tsira kan sauya hali, wasu su kashe masu duba kuskuren nan baki ɗaya, su ci gaba da hayayyafa da kundinsu a lalace.

Mai karatu zai ce, to, a nemo abin da zai kashe mai facin mana. An nemo. Akwai wani sinadari da aka haɗa a ɗakin gwaje-gwaje musamman domin ya toshe MGMT, kuma ya toshe shi. Sai dai ɓargon mutum, inda ake ƙera jini, shi ma da MGMT yake kare kansa daga dafin maganin. Da aka haɗa biyun sai jinin marasa lafiya ya riƙa faɗuwa, dole aka rage yawan kemoterafin, ribar da ake nema ta bi ruwa. Wannan darasi ya shafi duk wani tsiro da za a ce yana rage MGMT: tambayar ita ce, a cikin ƙarin kaɗai yake ragewa ko har da ɓargo?

Matsala ta biyu shinge ce. Hanyoyin jinin da ke cikin ƙwaƙwalwa ba irin na sauran jiki ba ne, bangonsu a liƙe yake gam, kuma akwai wasu ’yan famfuna a jikinsa da ke tura baƙon sinadari waje da zarar ya leƙo. Kariya ce ga ƙwaƙwalwa daga guba, amma ita ke hana mafi yawan magunguna shiga. Temozolomayid ya samu karɓuwa ne saboda yana cikin ’yan kaɗan da ke ƙetarawa. Duk sinadarin da ake yi wa kirari, in bai haye wannan shinge da yawan da zai yi aiki ba, zancen ya ƙare tun a nan.

Tsirrai ba baƙi ba ne a ɗakin kemoterafi

Masu cewa maganin asibiti daban, na itatuwa daban, ba su duba tarihi ba. Akwai wani fure mai launin ruwan hoda ko fari da ake shukawa domin ado a harabar ofisoshi da makarantu a biranenmu, asalinsa daga Madagaska. A shekarun 1950, Robert Noble da Charles Beer a Kanada sun gwada ganyensa saboda labarin da ya iso musu cewa mutanen Jamaika na shan shi kamar shayi domin ciwon suga. Bai yi wa suga abin kirki ba, amma sun lura yana karya fararen ƙwayoyin jinin ɓerayen gwaji. Daga wannan fure aka samu binbilastin da binkiristin. Na biyun, wanda aka amince da shi a Amurka a 1963, yana cikin magungunan da suka mayar da sankarar jinin yara daga hukuncin kisa zuwa cutar da ake warkewa. Haka Taxol, da ake ba masu sankarar mama da ta ƙwan mace, daga ɓawon wani itace na yammacin Amurka ya fito, irinotekan kuma daga wani itacen ƙasar Sin.

Har a sankarar ƙwaƙwalwa akwai misali. Wani haɗi da ake kira PCV ya ƙunshi magunguna uku, biyu na ɗakin gwaje-gwaje, na ukun binkiristin. A 2016 aka wallafa sakamakon gwajinsa a kan mutum 251 masu wani nau’in ƙarin ƙwaƙwalwa da bai kai giliyobilastoma zafi ba: masu gashi kawai shekara 7.8, masu gashi da PCV shekara 13.3. Likitoci na muhawara kan ko nawa ne rabon binkiristin a wannan nasara, tunda ba ya haye shingen ƙwaƙwalwa sosai, amma dai haɗin ya zauna a matsayin magani.

Abin lura shi ne yadda furen ya zama magani. Sai an tara busasshen ganye kusan kilo 2,000 kafin a samu giram ɗaya na binkiristin, ana auna shi da miligiram, kuma idan aka yi kuskure aka zuba shi a ruwan laka maimakon jijiya, kisa yake yi. Wanda ya tsinko furen a bakin ofis ya dafa, bai sha maganin sankara ba, ya dai sha wasu gomman sinadarai da bai san adadinsu ba.

Shi ma Taxol yana kashe ƙwayoyin giliyobilastoma a faranti cikin sauƙi, amma famfunan shingen nan na korar sa. A 2023 likitoci a Jami’ar Northwestern da ke Chicago suka ba da rahoton dasa wata ’yar na’ura a ƙoƙon kan marasa lafiya 17, wadda ke amfani da amon sauti ta buɗe shingen na ɗan lokaci. Yawan maganin da ya isa ƙwaƙwalwa ya ninka kusan sau huɗu. Gwaji ne na matakin farko, amma ya nuna cewa wani lokaci sinadarin na nan, hanyar kai shi ce babu.

Tabar wiwi: inda aka fi nisa

A cikin sababbin sinadaran da ake gwadawa tare da temozolomayid, na tabar wiwi ne suka fi nisa a jikin mutane. Masana a Jami’ar Complutense ta birnin Madrid suka buɗe wannan fage. A 2006 Manuel Guzmán da tawagarsa sun ba da rahoton zuba sinadarin THC kai tsaye cikin ƙarin marasa lafiya tara ta wani siririn bututu, domin a ga ko jiki zai jure. A 2011 kuma masana a jami’ar suka nuna a jikin ɓeraye cewa haɗa THC da temozolomayid na rage girman ƙari, har da wanda ya bijire wa kowannensu shi kaɗai. Bayanin da suka bayar shi ne, sinadarin na tura ƙwayar cutar ta riƙa cin kayan cikinta har ta hallaka, hanyar da ba ta bi ta ƙofar MGMT ba.

Daga nan aka gwada Sativex, wani maganin fesawa a baki mai ɗauke da THC da CBD kusan daidai wa daida, wanda Birtaniya ta amince da shi tun 2010 domin sandarewar gaɓoɓi a wata cutar jijiyoyi. A sakamakon da aka wallafa a 2021, mutum 21 da ƙarinsu ya dawo aka raba ta hanyar ƙuri’a: 12 suka samu Sativex da temozolomayid, tara suka samu temozolomayid da feshin wofi marar sinadari. Bayan shekara guda, kashi 83 cikin 100 na rukunin farko na raye, na biyu kashi 44.

Jaridun duniya sun yi ta yayata waɗannan alƙaluma, amma a mayar da su zuwa mutane a gani: goma cikin 12, da huɗu cikin tara. Biyu daga rukunin feshin wofi sun rasu cikin kwana 40 na farko, kuma a rukunin mutum tara, rasuwar biyu kaɗai ta isa ta karkatar da lissafi. Su kansu masu binciken sun ce an tsara gwajin ne domin duba lafiyar haɗin, bai isa ya tabbatar da amfani ba. Masu feshin sun yi fama da amai, da jiri, da kasala. Abin da gwajin ya haifar shi ne wani babba mai suna ARISTOCRAT, ƙarƙashin Farfesa Susan Short ta Jami’ar Leeds, wanda ya fara ɗaukar marasa lafiya a 2023 da niyyar kaiwa fiye da 230 a asibitocin Birtaniya. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, gwajin na ɗaukar waɗanda makunnin MGMT ɗinsu ke kashe ne, wato waɗanda ake sa ran temozolomayid zai iya sake yi musu aiki. Irin wannan gwaji ne ke raba gardama. Kuma ko ya yi kyau, magana ce ta magani mai awo da likita ke rubutawa, ba ta shafi naɗin da ake zuƙa a bayan tasha ba, wanda har yanzu laifi ne a dokar Najeriya.

Gangamau da ’yan uwansa

Babu tsiron da aka yi wa rubutu a wannan fage kamar gangamau, wanda wasu ke kira kurkum. Sinadarinsa, kurkumin, na kashe ƙwayoyin giliyobilastoma a faranti, kuma rahotanni da yawa sun ce yana ƙara wa temozolomayid kaifi. Haka ake faɗa game da resberatirol na ɓawon inabi da gyaɗa, wanda aka ga yana rage MGMT a ƙwayoyin gwaji, da kwasetin na albasa, da babban sinadarin koren shayi. Har atesunat, maganin zazzaɓin cizon sauro da ya samo asali daga wani tsiron ƙasar Sin, masana a Mainz ta Jamus sun nuna yana hana ƙwayar sankara ɗinke kundinta bayan temozolomayid ya tsinke shi.

Duk wannan a faranti ne da jikin ɓeraye. A ra’ayina a nan ne mafi yawan labaran ke yaudarar mai karatu, domin kashe ƙwayar sankara a faranti ba abin mamaki ba ne, ko ruwan omo zai yi. Faranti ba shi da hanji, ba shi da hanta, ba shi da shinge. Kurkumin kuwa a nan ya fi rauni: bai wuce kamar kashi uku cikin 100 na garin gangamau ba, hanji ba ya tsotsar sa sosai, ɗan abin da ya shiga kuma hanta na sauya shi nan da nan. A wani gwaji a Jami’ar Michigan da aka wallafa a 2006, an ba masu sa-kai kurkumin har giram takwas a lokaci guda ba a ga alamarsa a jininsu ba, sai a giram 10 da 12 aka ga ɗan kaɗan a jikin mutum biyu. A 2017 wasu masana harhaɗa magunguna a Amurka suka yi bitar gwaje-gwajensa fiye da 120 a jikin mutane, suka ce babu wani ingantaccen gwaji da ya tabbatar da shi a matsayin maganin wata cuta. Sun ƙara da cewa yana cikin sinadaran da ke ruɗar na’urorin awo, su nuna aiki inda babu. An kuma janye maƙalu da dama na wani fitaccen mai bincikensa a Amurka saboda matsalar hotunan da ke cikinsu. Masu bincike ba su yar da shi ba, suna ƙoƙarin naɗe shi cikin ’yan mitsi-mitsin ƙwayoyin maiƙo domin ya tsira daga hanta. Amma cokalin kurkum a madara, komai daɗinsa, ba ya kaiwa ƙwaƙwalwa.

Wata dabarar kuma ita ce a kauce wa hanjin. Akwai wani sinadari a man ƙamshi na wasu tsirrai dangin na’a-na’a da ɓawon lemo, wanda likitoci a Burazil suka shafe shekaru suna ba masu ƙarin ƙwaƙwalwa ta hanyar shaƙa a hanci. Masana a Jami’ar Kudancin Kalifoniya sun ɗaure shi da temozolomayid suka zama sinadari ɗaya mai lamba NEO212, wanda ya yi aiki a kan ƙwayoyi masu yawan MGMT a gwajin dabbobi, ya kuma shiga matakin farko na gwajin mutane.

Akwai wanda ya shafe mu kai tsaye. Itacen da Hausawa ke kira hano ko ararraɓi, wanda ake turare da ƙaronsa kuma ake jiƙa ɓawonsa, ɗan uwa ne ga itacen lubban na Indiya. A 2011 likitoci a Freiburg ta Jamus suka wallafa gwajin tatsattsen ƙaron na Indiya a kan mutum 44 da ake yi wa gashin ƙwaƙwalwa. Kumburin da ke kewaye da ƙari ya ragu ƙwarai a kashi 60 cikin 100 na masu shan sa, a masu ƙwayar wofi kuwa kashi 26. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kumburin ne ke kawo yawancin ciwon kai da raunin gaɓoɓi, kuma maganin da ake rage shi da shi, dekzametazon, na tayar da suga, ya raunana tsoka da garkuwar jiki idan aka daɗe a kansa. Sai dai a kula da abu biyu: gwajin a kan kumburi aka yi shi, ba a kan kashe ƙarin ba, sannan hanon dajinmu da lubban na Indiya, duk da dangantakarsu, ba itace ɗaya ba ne.

Inda haɗin ke komawa illa

Sinadarin da ke da ƙarfin taimaka wa kemoterafi yana da ƙarfin ɓata shi. A 2002 likitoci a Rotterdam ta ƙasar Holan suka gano cewa wani ganye da Turawa ke sha domin damuwa na rage sinadarin irinotekan mai aiki a cikin jini da kashi 42 cikin 100, saboda yana zaburar da hanta ta yi saurin fitar da shi. A 2009 masana a Kalifoniya da suka zaci koren shayi zai ƙarfafa wani maganin sankarar ɓargo mai suna botezomib, sai suka tarar sinadarin shayin na manne wa maganin ya kashe aikinsa. Ruwan garehul kuma akasin haka yake yi wa magunguna da dama, ya hana jiki sarrafa su har su taru su zama guba.

Sai hanta. Temozolomayid da kansa na iya taɓa ta. Ƙwayoyin kurkumin masu ƙarfi, musamman waɗanda aka haɗa da sinadarin baƙin barkono domin jiki ya tsotsa, an danganta su da ciwon hanta a Italiya da Amurka. A 2017 an wallafa rahoton taɓuwar hanta a jikin mai giliyobilastoma a Jamus bayan an haɗa temozolomayid da atesunat da wasu ganyayyakin ƙasar Sin. Idan hanta ta taɓu ko jini ya faɗi, likita dakatar da kemoterafi yake yi, ƙarin kuwa ba ya jiran kowa. Ga kuma magungunan farfaɗiya da yawancin masu cutar ke sha, waɗanda wasunsu ta hanta suke bi.

Mafi muni shi ne barin asibiti gaba ɗaya. Wani nazari daga Jami’ar Yale da aka wallafa a 2018 ya duba mutum 281 masu sankarar mama, da huhu, da hanji, da mafitsara ta maza, waɗanda suka zaɓi magungunan da ba na asibiti ba su kaɗai. Haɗarin mutuwarsu ya ninka na masu zuwa asibiti sau biyu da rabi.

A nan gida

Kafin a kai ga maganar bijire wa magani, matsalarmu ta farko ita ce gano cutar da wuri. Ciwon kai mai tsananta da asuba tare da amai, farfaɗiyar da ta fara wa mutum bayan ya girma, raunin ɓarin jiki da ke ƙaruwa a hankali, ko sauyin hali da rikicewar magana, duk alamu ne da akan danganta da iska ko sammu, a yi watanni ana zagaye kafin a ɗauki hoton kai. Ba kowane ciwon kai ne ƙari ba, kuma ba kowane ƙari ne giliyobilastoma ba. Da yawa daga cikinsu, kamar wanda ke fitowa a fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, ba su da zafi, tiyata na iya raba mutum da su. Sai an ɗebi naman an duba shi a ɗakin gwaje-gwaje ake sanin wanne ne. Ana yin tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na Sakkwato, da Zariya, da Kano, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, amma na’urorin gashi ’yan ƙalilan ne idan aka kwatanta da ƙasar da ke samun sababbin masu sankara fiye da 120,000 a shekara, kuma yawancin iyalai daga aljihunsu suke biyan kuɗin.

A irin wannan hali ba abin zargi ba ne iyali su nemi taimako a wurin mai ganye. Abin da ke da muhimmanci shi ne likita ya sani. A kai masa kwalbar, ko ƙullin garin, ko jiƙon, a faɗa masa nawa ake sha, domin ya san abin da zai duba a gwajin jini da na hanta. Su ma likitoci, idan tsawa ce amsarsu, marasa lafiya ɓoyewa za su yi. Ya kamata a san kuma cewa lambar NAFDAC mai harafin L a ƙarshe, wadda ake gani a jikin magungunan gargajiya, shaida ce cewa an duba lafiyar abin, ba shaidar yana warkar da cutar da aka rubuta ba. Shi ya sa ake wajabta wa masu shi su rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarinsu ba.

Najeriya ta taɓa bin wannan hanya daga daji zuwa asibiti. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta ɗauki wani haɗin gargajiya na masoro, da kanumfari, da ganyen dawa, da wani itace, ta daidaita awonsa, ta gwada shi a kan masu amosanin jini 82, aka wallafa sakamakon a 2001 da ya nuna raguwar tashin ciwon. Sunansa Niprisan. Idan ana son a san ko hano na da abin da zai yi wa mai ƙarin ƙwaƙwalwa, matakan ke nan: a ware sinadaransa, a auna yawan da ke shiga jini da wanda ke haye shinge, a duba yadda yake zama da temozolomayid da magungunan farfaɗiya, sannan a raba marasa lafiya gida biyu da yardarsu. Aiki ne na NIPRD, da cibiyar binciken sankara ta ƙasa, NICRAT, da asibitocin koyarwa da ke da marasa lafiyar a gadajensu.